Rabbin da Ya Ce Dangi Su Ja Baya

Ranar da 'yata Dafna ta shigo kicin ta ce min ta amince za ta auri Ilan, ban ma gama goge hawaye ba waya ta hau ruri. Sheila ce, uwar yaron. Ko barka ba mu gama yi wa juna ba ta ce, "Mirka, kin san dai Rabbi Pinkus ne zai ɗaura, ko? Na riga na yi masa magana."

Kai jama'a! Shayin da na zuba bai ko huce ba, har an zaɓa mana rabbi, malamin da zai ɗaura auren.

A wajenmu Yahudawan Melbourne samun miji ya fi zaɓen rabbi sauƙi, duk wadda ta aurar da 'ya ta san haka. Namu na asali, wanda ya ɗaura min aure ya kuma binne mahaifina, ya tsufa ya koma Urushalima wajen 'ya'yansa, don haka ba ni da wanda zan kara da na Sheila. Na tambayi mijina Leon ra'ayinsa, ya ba ni amsar da yake ba ni tun ranar da aka ɗaura mana aure: "Duk yadda kika ce." Ita kuwa Dafna abu ɗaya ta gindaya. Ta ce, "Mama, ku kawo duk wanda kuka ga dama, ko mai gemu har cibiya ne. Ni dai Kaka Zalman ya tsaya kusa da ni a ƙarƙashin rumfar ɗaurin aure."

Baffa Zalman ba ya buƙatar gabatarwa a titin Carlisle, amma bari in faɗa. A jirgin ruwa suka haɗu da mahaifina Hersh, lokacin da aka kwaso su daga Turai bayan yaƙin duniya na biyu, kowannensu matashi, kowannensu ba wanda ya rage masa a Poland. Gado mai hawa biyu aka ba su. Na sama yana amai, na ƙasa yana zaginsa, haka suka ƙetare teku, kuma har mahaifina ya rasu ba su daidaita a kan wanda ya kwana a saman ba. 'Yan'uwan jirgi muke kiran irinsu. Tare suka buɗe shagon ɗinki, tare suka rufe shi. Baffa bai taɓa aure ba. Duk daren Juma'a yana teburinmu, yana kushe miyar kazata yana ƙari. Shi ya koya wa Dafna karta, ya kuma koya mata yadda ake maguɗi. Kowa ya san ba jini ɗaya muke ba, amma ba a faɗa, kamar yadda ba a ce wa mutum haƙoransa na roba ne.

Muka ɗunguma zuwa ofishin Rabbi Pinkus, ni da Sheila da yaran da Baffa, wanda ya sa kwat ɗinsa mai ruwan toka da ya ɗinka da hannunsa. Ba zan ci amanar Rabbi Pinkus ba, mutum ne mai fara'a, ga murya, in ya ja addu'a sai tsigar jikinka ta tashi. Sai dai komai nasa a tsare yake. Ya ce rumfar majami'arsu ƙarama ce, ango da amarya da iyaye da kakanni kawai ke shiga. Sannan ya dubi Baffa ya ce, "Wannan dattijo fa? Ɗan'uwan marigayi ne?"

Ban san abin da ya hau kaina ba. Bakina ya riga ni. Na ce, "Ƙaninsa ne, Rabbi. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Baffa ya juyo a hankali ya kalle ni. Ya ce, "Mirka, kar ki yi wa rabbi ƙarya a ofishinsa. Jirgi ɗaya muka hau da ubanta, Rabbi. Shi ke nan abin da ke tsakaninmu."

Rabbi Pinkus ya yi murmushi, da kyakkyawar niyya kuwa, ya ce, "Ba komai, ba komai. Za mu ba shi kujera a layin farko, cikin manyan baƙi."

Baƙi! Mutumin da ya riƙe ni a kafaɗa ranar da aka yi min allurar farko, shi ne baƙo. Na ga kunnuwan Baffa sun yi ja. Da muka fito ya ƙi shiga motata, ya ce zai hau tiram, jirgin nan na kan titi.

Juma'ar da ta biyo baya ya zo cin abinci kamar kullum, amma bai kushe miya ba, bai kuma yi ƙari ba. A nan na san da matsala. Ana cikin cin kifi ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, "Bikin nan, ku yi min uzuri. Ƙafata ba za ta iya tsayuwa ba."

"Wace ƙafar?" na ce. "Wadda ka bi tiram da gudu da ita ranar Talata?"

"Ita."

Dafna ta ajiye cokali. "Kaka, in ba ka zo ba, ni ma ba zan zo ba."

"To sai Ilan ya auri uwarki. Ita ma ta iya ƙarya, za su zauna lafiya."

Leon ya fashe da dariya, na harare shi ya mayar da ita tari. Amma raina ya ɓaci ƙwarai, domin na gane abin da ya fi yi wa Baffa ciwo. Ba maganar Rabbi Pinkus ba ce. Tawa ce. Da na yi ƙaryar nan, tamkar na ce masa gaskiyar ba ta isa ba, sai an yi mata ƙari kafin a shigar da shi cikinmu. Kuma na san Dafna. Kan yarinyar nan ya fi na kakanta tauri, in ta ce ba za ta shiga rumfa ba sai da shi, to sai dai a ci abincin bikin babu amarya.

Washegarin Asabar na kira Sheila na ce mata Rabbi Pinkus ya fita. Ta yi ta kururuwa, ta ce ai shi ya ɗaura wa 'ya'yanta biyu, yanzu da wane ido za ta dube shi. Na ce ta dube shi da idon da take duban kowa, ta saman tabarau. Muka yi kwana biyu ba ma gaisawa, sannan ta aiko min da kek ɗin cuku, na gane ta sauko.

Daga nan na shiga farautar rabbi. Sharaɗina ɗaya ne: wanda zai sa Baffa a ƙarƙashin rumfa ya kuma kama bakinsa. Wata ƙawata ta haɗa ni da wani mai sauƙin kai da ke ɗaura aure a bakin teku, da jita a hannu. Na yi masa bayani, ya buɗe hannuwa ya ce, "Haba, Uwargida, rumfata ta kowa ce! Kaka, maƙwabci, malamin makaranta, har wasu ma karensu suka shigo da shi, an ɗaura masa ɗan ƙyalle a wuya."

Na koma da murnata na gaya wa Baffa an samu. Kuskurena, na haɗa har da zancen karen.

"Madalla," ya ce. "Ni da kare. Wa zai tsaya a dama?"

Na rantse da na sami abin jifa a kusa da na jefe shi. Tsoho ya haura tamanin amma bakinsa kamar almakashin shagonsu. Na ce, "To me kake so, Baffa? An ce ka zauna ka ƙi, an ce ka tsaya ka ƙi!"

"Ba na son alfarma," ya ce. "Kada a matsa min wuri don tausayi. Na gode."

Ana haka Ilan, wanda duk rigimar nan bai tsoma baki ba, ya ce akwai wani Rabbi Tuvia da ke koyar da su karatu ranar Laraba, ko za mu gwada shi. Na ce a kawo, ai na riga na ga mai jita, me ya rage?

A gidan burodin titin Carlisle muka yi alƙawari, inda Baffa ke zama kowace safiya yana gyara wa duniya zama shi da tsofaffin abokansa. Ban gaya masa rabbi zai zo ba. Ina tsaye a ƙofa sai ga wani dogon saurayi mai jan gemu ya faka keke, ya cire hular kwano, ga 'yar hularsa a ƙasa ta jiƙe da gumi, ƙafar wandonsa ɗaya a cuse cikin safa. Na ce a raina, wannan ai ɗan aike ne.

"Uwargida Mirka? Ni ne Tuvia."

Wayyo ni. Na ja shi gefe na karanta masa darasi: tsohon nan kakan amarya ne, ka kira shi kaka, kada ka tambayi yadda aka yi ya zama kaka, kada ka ambaci jini, kada ka ambaci baƙo, kada ka ambaci kare. Ya saurare ni da kyau yana gyaɗa kai. Ya tambaye ni abu biyu uku game da Baffa, na ba shi amsa a gurguje. Muka shiga.

Baffa ya dube shi daga hula har safa ya ce, "Wannan kuma na nawa ne?"

"Na uku," in ji Rabbi Tuvia, ya ja kujera ya zauna. "Reb Zalman, ina da tambaya. Kai da amarya akwai jini a tsakaninku?"

Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ko gezau.

"Babu," Baffa ya ce, muryarsa a bushe.

"Ko kaɗan? Ta wajen uwa, ta wajen uba, wani ɗan zare daga can Poland?"

"Na ce maka babu. Nawa duk sun tafi."

"Allah Ya sa tunawa da su ta zama albarka. Ango fa? Ba ka haɗa komai da su Sheila ba?"

"Allah Ya kiyaye!"

"Surukuta fa? Ba ka taɓa auren wata daga gidan nan ko gidan can ba?"

Na sake taka shi, wannan karon da dunduniyar takalmi. Ya ɗan yamutsa fuska ya janye ƙafarsa, ya ci gaba abinsa. Tsofaffin teburin gefe duk sun ajiye jarida sun zuba kunne. Baffa ya fara huci.

"Yaro, ka zo ne ka ƙirga min abin da ba ni da shi? Ba mata, ba ɗa, ba ɗan'uwa. Ka ƙoshi?"

"Saura ɗaya. Kana kiyaye Asabar?"

"Kullum sai na yi faɗa da Ubangiji, Ya san dalili. Amma tun da na sauka daga jirgi ban kunna wuta ranar Asabar ba, ban hau tiram ba, ban riƙe allura ba. Ba don Shi ba, don uwata."

Rabbi Tuvia ya buga tafin hannu a tebur har cokula suka yi tsalle. "Na gode wa Allah! Reb Zalman, ka fitar da ni."

Muka bi shi da kallo, ni da Baffa, baki buɗe.

"Uwargida, kin san ba rabbi ke ƙulla aure ba," ya ce. "Ni nawa surutu ne da riƙe kofin inabi. Shaidu biyu su ne aure. In ba su ga zobe ya shiga yatsa da idonsu ba, ko rabbi ɗari ne suka taru, ba a yi komai ba. Kuma shaida ba ya zama dangi. Uba ba ya yi, kawu ba ya yi, ɗan baffa ba ya yi, suruki ba ya yi, wanda ba ya kiyaye Asabar ma ba ya yi. Ɗaya na samu, abokin Ilan da muke karatu tare. Na biyun ne ya gagare ni, domin ku mutanen unguwar nan duk wanda na taɓa sai a ce ai ɗan goggon wane ne. Zan iya kawo ɗalibi daga makaranta, wanda bai san sunan amarya ba, ya zo don kaza. Amma ina amfanin haka, ga mutumin da ya san ta tun tana cikin zani?"

Na san dokar nan, wace Bayahudiya ce ba ta san ta ba? A nawa auren ma wasu mutum biyu aka kira daga bayan majami'a, har yau ban san sunayensu ba. Amma ko sau ɗaya ban taɓa haɗa ta da Baffa ba, saboda a kaina shi dangi ne.

Baffa ya ƙanƙance ido. "Wato da ni ƙanin Hersh ne na gaske fa?"

"Da na ba ka kujera a layin farko, cikin manyan baƙi."

Wani tsoho a teburin gefe ya tuntsire da dariya har ya ƙware. Baffa bai yi dariya ba. Ya ɗauki kofin shayinsa, ya ajiye bai sha ba.

"Ba alfarma ba ce?"

"Wace alfarma? Aiki ne. Za ka zo da wuri, ka sa hannu a takardar aure, ka tsaya a rana, ka buɗe ido. Bayan an gama kuma ka yi gadin ƙofa, sauran mutane suna can suna cin abinci. Sai dai an ce min ƙafarka ba ta da lafiya."

"Wa ya ce? Mirka ce? Kada ka riƙa yarda da maganarta, a gaban rabbi ma ƙarya take yi."

A nan take na zaɓi rabbi, da safarsa da kekensa da komai. Da Sheila ta ji ta ce, "Mai keken?" Na ce shi. Ta ce to a roƙe shi ya fitar da wandon daga safa ranar biki.

An yi bikin ranar wata Lahadi a wani lambu kusa da teku, rana ta take, ƙudaje sun zo ba gayyata. Rabbi Pinkus ma ya zo, Sheila ta roƙa masa ɗaya daga cikin addu'o'in albarka bakwai da ake yi wa ango da amarya, ya kuwa ja ta har mata suka yi ta share ido. Ni da Leon muka rako Dafna, ta zagaya Ilan, na tsaya dab da ita ina riƙe da gefen mayafinta.

Da aka zo sa zobe sai Rabbi Tuvia ya ɗaga hannu ya ce, "Dangi duka, na amarya da na ango, ku ɗan ja baya. Ku yi haƙuri, a nan ba ku da amfani." Mutane suka yi dariya. Na ja baya, ni da na haife ta. Sheila ta ja baya da ƙatuwar hularta. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Shaidunmu su biyu ne, ban da kowa." Ya kira abokin Ilan. Ya kuma kira, "Zalman ɗan Yosef!"

Yosef. Na girma a gaban mutumin nan, na yi furfura a gabansa, ban taɓa jin sunan mahaifinsa ba sai ranar. A majami'a mu mata muna sama muna hira lokacin da ake kiran maza da sunan ubanninsu, a gida kuma Baffa ne kawai. Na ga ya ɗan tsaya da ya ji sunan, sannan ya gyara kwat ya tako, ƙafa lafiya lau, ya wuce ni, ya wuce Leon, ya tsaya inda ba wanda ya fi shi kusa da Dafna sai angonta.

Rabbi ya nuna musu zoben ya tambaya ko ya cika sharaɗi. Abokin Ilan ya ce eh nan da nan. Baffa kuwa sai da ya sa tabarau, ya juya zoben, ya ɗaga shi a rana, har Ilan ya fara zufa.

"Zoben ya yi," ya ce. "Yaron ne dai za mu gani."

Dafna ta yi dariya a cikin mayafi har kafaɗunta na rawa. Ilan ya faɗi kalmominsa, zobe ya shiga, Baffa ya sunkuya yana kallo kamar mai zura zare a allura. Aka karanta takarda, aka sake faɗin sunan Yosef a gaban jama'a, aka fasa kofi bisa al'ada, wuri ya kaure da sowa. Ni dai kuka nake yi, ba na ko ɓoyewa.

Daga rumfa aka wuce da ango da amarya ɗakin da za su keɓe su kaɗai, shaidu biyu a bakin ƙofa. Yarinyata tun safe take azumi, sai na tuna ban ga an kai musu miya ba. Na zubo a kwano na taho da sauri. Baffa na tsaye ƙiƙam a ƙofar, hannuwa a baya.

"Matsa, Baffa, miya zan miƙa mata."

"Ke wace ce?"

"Kai, Baffa! Uwar amarya!"

"Dangi ke nan. Ja baya."

"Za ta huce fa!"

"Akwai abinci a ciki, na duba da kaina. Wannan kuma kawo nan, gishirinta ma na san ya yi yawa."

Ya karɓe kwanon ya hau sha a tsaye, bayansa jingine da ƙofar. Ya sha cokali uku, sai ya tsaya. Idanunsa sun cika.

"Da Hersh yana nan," ya ce, "shi ma can baya za a tura shi, bayan hular Sheila. Ba abin da zai gani."

Na gyaɗa kai.

"Ba komai," ya ce, ya goge ido da bayan hannu. "Ni na gani. In mun haɗu zan ba shi labari."

Ya miƙo min kwanon ya ce in ƙaro masa.